Ɗana, Kafin Ka Ajiye Aikin

Ɗana, ƙorafinka ya iso ni. An ce ka shiga harkar rubuta manhaja don ka ƙirƙiri sabon abu, ga shi wata takwas ba abin da kake yi sai gyaran tsohon aikin wasu, rubuta gwaje-gwaje da haɗa rahoto. Aikin ya gundure ka. Ban ga laifinka ba, amma zauna ka ji.

A 1999 ina cikin masu bin tsofaffin manhajojin COBOL layi-layi a wani banki. Waɗanda suka gabace mu, don tsimin wurin ajiya, sun riƙa rubuta shekara da lamba biyu, 99 maimakon 1999. Ke nan idan 2000 ta shigo, kwamfuta na iya ɗauka 1900 ce. Watanni muka kwashe muna farautar duk inda kwanan wata ya ɓuya, ido ya yi ja, baya ya ƙage. Da shekarar ta shigo lafiya sai aka ce ai dama ba komai. Ko sannu ba mu samu ba. Sai dai a watannin nan ne na san cikin manhajar bankin kamar ɗakin kwanana, daga baya duk wanda abu ya cije masa teburina yake nufa.

Gundura iri biyu ce, kada ka haɗa su. Akwai aikin da hannunka ke maimaitawa ba tare da kai ba: kwafo nan, liƙa can, kowace Litinin. Wannan kam idan ya wuce wata guda, da sakacinka a ciki. Larry Wall, wanda ya fito da yaren Perl a 1987, ya lissafa ƙiuya cikin kyawawan halayen mai rubuta manhaja, wato ƙiuyar da za ta sa ka rubuta 'yan layuka na'ura ta ɗauke maka wahalar. To me aka saye ta ta yi?

Ɗayan kuwa shi ne aikin da ke neman natsuwa, kamar duba abin da abokin aiki ya rubuta. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Dalilinta? An manta a tantance tsawon saƙo kafin a mayar da amsa, kuskuren kuma ya yi kusan shekara biyu a kwance. Irin abin da kake hamma a kansa ke nan. Ɗan koyon ƙira ma da zuga yake farawa, a nan yake gane launin ƙarfe idan ya nuna.

Ka yi irin wannan aikin da safe, kafin kai ya ɗauki zafi, ka gutsura shi kaɗan-kaɗan. In ka tashi sallar azahar, ka ɗan taka kafin ka koma kujera. Sannan ka sami oganka cikin ladabi, ba da ƙorafi ba, ka ce ga wani sashe da kake son a ba ka.

Idan shekara ta zagayo ba ka ƙaru da komai ba, kuma an ƙi sauraronka, nemi wani wurin, ba zan hana ka ba. Amma kada ka saki wannan sai wancan ya shigo hannu.

Rahoton nan na Litinin, fara da shi. In na'ura ta karɓe maka, kira ni ka faɗa mini.