Ambaliya A Matsayin Ganuwar Birni

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato zuwa Dundaye ya san ƙarfin Gulbin Rima. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta yanke wannan hanya, har mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rabu da gari. Abin da ruwa ya yi a nan ba da nufin kowa ba, wasu al'ummomi sun sha yin sa da gangan domin tare abokan gaba.

A ƙasar Hausa damina ce take yin wannan aiki. Yawancin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da rani aka yi su, domin doki ba ya ratsa fadama idan ta cika, kuma fadamar nan tana cikin abubuwan da suka taimaki Kabawan Argungu wajen kare garinsu.

Mutanen ƙasar Holan kuwa ba su jira damina ba. Wani babban sashe na ƙasarsu yana ƙasa da bisan teku, jinga ce kawai ke tare ruwa. A shekarar 1672, da Sarkin Faransa Luwis na 14 ya kawo musu yaƙi, sai suka buɗe ƙofofin ruwa, suka malale gonakinsu, birnin Amsterdam ya tsira.

Abin lura a nan shi ne zurfin ruwan. Ba tafki ake bukata ba. Santimita 30 zuwa 60 ya wadatar, wato kimanin gwiwa. Jirgi mai ɗauke da mayaƙa da igwa ba zai taso a kan wannan ruwa ba. Mai tafiya ƙasa kuma ba ya ganin ramuka da magudanan da ruwan ya lulluɓe, ga yumɓu ya zama taɓo mai riƙe kofato da ƙafar keken igwa. Sanyi ne kaɗai ya so ya ɓata dabarar: a Disamban shekarar ruwan ya daskare, Faransawa suka hau kansa, amma ƙanƙarar ta narke, tilas suka juya.

Manomi shi ne ya ɗauki asarar, kuma ba mamaki da wasu manoman Holan suka yi ta hana a buɗe ƙofofin. Saiwar tsiro tana numfashi da iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike guraben nan, sai ta shaƙe ta ruɓe. Ruwan teku ya fi muni, irin wanda sojojin Beljiyam suka saki a bakin Kogin Yser a Oktoban 1914 don tsayar da Jamusawa. Gishirinsa yana zuƙe ruwa daga jikin saiwa, kuma yakan zauna a gona bayan ruwan ya janye, sai ruwan sama ya wanke shi sannu a hankali.