Wace ƙofa za ka bi in kana son sirri a intanet?

Ɗan'uwa mai karatu, yanzu ka iya haɗa baƙi. Wataƙila kana da waya mai shiga intanet, ko akwai ta a gidanku. Akwai tambayar da mutum ke jin kunyar yi wa maƙwabci. Misali, wani ciwo ya kama shi a wurin da ba ya son faɗi. Ko mace tana son sanin hakkinta kafin ta je gaban alƙali. Sai a rubuta tambayar cikin waya, ana zaton ba wanda ya gani.

To, an gani. Layin wayarka da sunanka aka yi masa rajista, ranar da ka ba da katinka na ɗan ƙasa. Kamfanin waya yana iya sanin shafin da ka shiga, da lokacin da ka shiga. Shi ma mai shafin yana ganin lambar da ka zo da ita.

Abin da kake taɓawa ka shiga shafukan intanet, manhaja ce da ake kira burawza. Masu faransanci na cewa nabigater. Ita ce ƙofa. Chrome ƙofa ce, Firefox ƙofa ce, Opera Mini ma haka. Amma ba kowace ƙofa ke da labule ba.

A cikin Chrome akwai wani wuri mai hoton hula da tabarau. Mutane da yawa na cewa in ka shiga nan ka ɓace. Ba haka ba ne. Aikinsa ɗaya: in ka rufe, wayar ba ta riƙe sunan shafin da ka duba. Wanda ya ari wayarka ba zai gani ba, kuma wannan ma abin kirki ne a gidan da mutum biyar ke aiki da waya guda. Amma kamfanin waya ya gani, mai shafi ma ya gani. Ka share tsakar gida ne, sawunka na nan bisa hanya.

Opera Mini kuwa ana son ta don ba ta cin mega da yawa. Dalili shi ne, shafin yana fara bi ta na'urorin kamfanin Opera, su matse shi ya ƙanƙance, sannan su turo maka. Ka yi tanadin kuɗɗi, amma wani ya riga ka ganin kayan.

Akwai wata hanya da aka gina don ɓoye mai tafiya. Sunanta Tor. Tunanin ya faro a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka cikin shekarun 1990. Tun 2006 wata ƙungiya da ba ta neman riba, The Tor Project, ke kula da ita. Alamarta albasa ce. Duk wanda ya taɓa ɓare albasar Galmi ya san dalili: ka cire ɓawo, ka iske wani ɓawo.

Ga yadda take aiki. A ce kana Maraɗi, za ka aika wasiƙa Damagaram, ba ka son a san kai ne. Sai ka sa ta cikin ambulan uku, wani cikin wani, ka nemi ƴan aike uku. Na farko ya san ka, amma bai san inda wasiƙar za ta ba. Ya cire ambulan guda, ya miƙa wa na biyu. Na biyu bai san ka ba, bai san mai karɓa ba. Na uku ya san gidan da zai kai, amma bai taɓa jin sunanka ba. A Tor, ƴan aiken nan kwamfutoci ne na masu aikin sa kai. Dubbai ne, a ƙasashe da yawa.

Yanzu mun zo wurin zaɓe, kuma nan ne mutane ke kuskure. Hanya tana iya zama mai kyau, ƙofar ta tona ka. Makiyayi yana gane sawun raƙuminsa cikin sawu ɗari. Haka masu shafuka ke gane waya. Suna duba girman fuskarta, da harshen da aka sa mata, da agogonta, da irin haruffan da ke cikinta. In suka haɗa waɗannan, sun gane ka ko da lambarka ta sauya.

Don haka aka yi Tor Browser. Daga Firefox aka ƙera ta, aka gyara ta yadda masu aiki da ita za su yi kama da juna, kamar mata sun yi anko ranar biki. In ka rufe ta, tana share abin da ka duba. Kyauta ce. Akwai ta kwamfuta, kuma tun 2019 akwai cikakkiya ta wayar Android. Mai iPhone kuwa, ƙungiyar ta nuna masa wata mai suna Onion Browser, ko da yake kariyarta ba ta kai ta waccan ba.

Wani zai ce maka Brave ma tana da tagar Tor a kwamfuta. Gaskiya ne. Amma a 2021 an gano wani kuskure a cikinta da ya sa sunayen wasu shafukan sirri suna fita waje. An gyara. Duk da haka, ni in magana ta kai ga mutunci ko tsaron rai, Tor Browser zan ɗauka.

Kada ka yi mata kwalliya. Kada ka ƙara mata wasu ƙananan manhajoji, ko da an ce suna ƙara sirri. Wadda ta ɗaura jan kallabi cikin anko, ita za a fara nunawa.

Sai maganar inda za ka samo ta. Mun saba, a kai waya wurin mai caji, a ce ya tura mana waƙoƙi da manhajoji. Ko aboki ya tura daga wayarsa. Ban da wannan. A 2019 masu bincike na kamfanin ESET sun gano Tor Browser ta jabu da aka yi wa masu jin rashanci. Kamarta ɗaya da ta gaskiya, amma tana sace musu kuɗɗin intanet. Ka ɗauko da hannunka daga Play Store, ka karanta sunan mai ita a hankali, baƙi bayan baƙi: The Tor Project. Ko ka shiga torproject.org. Ga ranar karatunka.

Akwai abin da ba ta iya yi maka. In ka shiga Facebook da sunanka ta cikinta, Facebook ya san kai ne. Kai ka faɗi. In ka rubuta lambar wayarka cikin wani shafi, haka. Kuma abin da ya bi ta cikinta kaɗai take rufewa. WhatsApp da sauran manhajojin wayarka hanyarsu daban. Ka duba kuma sunan shafin ya fara da https. In babu wannan s ɗin, ɗan aike na uku yana iya karanta wasiƙar.

Kamfanin waya ba zai ga inda ka nufa ba, amma zai iya gane cewa Tor kake bi. Ƙasashe kamar Sin da Iran da Rasha suna toshe ta. Don haka aka yi wasu ɓoyayyun mashiga da ake kira gada, suna nan cikin saitinta. Amma gada ba ta da amfani in babu hanyar sam. A watan Fabrairu na 2021, bayan zaɓe, an yanke intanet na wayar salula a Nijar kimanin kwana 10. A irin wannan rana, babu burawzar da za ta buɗe maka shafi.

Za ka ga kuma tana da nawa. Wasiƙar da ta bi hannu uku ba ta zuwa da wuri. Wasu shafuka za su tsai da kai, su ce ka zaɓi hotuna don su tabbata mutum ne. Kada ka ce ta lalace. Kallon wasan kokowa da jin waƙa, yi su ta ƙofar da ka saba. Ita wannan, bar ta don tambayar da ba ka son a san kai ka yi. In kuma tambayar ta ciwo ce, karanta ka samu ƙarfin zuciya, sannan ka tashi ka je likita, don waya ba ta auna mutum.