Darasi: In Ƙasa Ta Zube Ta Tare Rafi

'Yan'uwa manoma, a 2008 girgizar ƙasa ta zubo da gefen dutse ya tare kogi a Tangjiashan, ƙasar Sin. Aka kwashe mutum fiye da 200,000 daga gangare, soja suka haƙa wa ruwan hanya ta saman tulin.

Mu a Karaye da Rogo, zubewar gaɓa da damina ita ce abin tsoro. Tulin ƙasa ba madatsar Challawa ba ne, ba shi da mafitar ruwa. Ko Bagauda, ginin injiniyoyi, ta fashe a 1988. In rafi ya janye farat ɗaya alhali ana ruwa, ku fid da yara da dabbobi daga fadama tukuna, sa'an nan ku aika wa dagaci. Kada kowa ya hau tulin da fartanya shi kaɗai.