Zaɓen Iyafis Mai Tsada ga Sabon Shiga

Tambaya: Wani mai karatu da ya fara sha'awar ingancin sauti yana son sayen iyafis mai tsada, irin wanda ake cusawa cikin kunne, amma ya rasa ta inda zai fara.

Amsa: Ya kamata mai tambaya ya fara duba robar bakin iyafis, domin idan ba ta toshe kunne sosai ba, amon ganga yakan sirance, komai tsadar kayan. Sai kuma ƙananan lasifikokin da ke ciki: Sennheiser IE 600 tana da ɗaya a kowane kunne, Shure SE846 kuwa huɗu, amma yawansu ba ya tabbatar da daɗin sauti. Gara ya gwada da waƙar da ya sani sarai kafin ya biya, kuma ya saya wurin dillali amintacce, tunda jabu ya yawaita.