Darasi: Shariya Ma Ciwo Ce

Manufar darasi: mu gane abin da shariya da kaɗaici suke yi wa mutum, mu gane dalilin da ya sa wanda aka ware yakan zama mai wuyar sha'ani, mu kuma ga abin da ƙungiyoyinmu za su iya yi. A karanta shi a taron zumuntar mata, ko na maza, ko na matasa, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Gabatarwa

'Yan'uwa, a kusan kowane ƙauye akwai mutumin da ba wanda ya yi faɗa da shi, ba wanda ya kore shi, amma kuma ba wanda yake nemansa. Ranar gayya an manta a gaya masa. Za a kafa adashi ba a tuna da shi ba. An tashi daga taro kowa ya sami abokin hira, shi kuwa ya kama hanyar gida shi kaɗai. Wataƙila gwauruwa ce, ko kurma, ko mai farfaɗiya, ko baƙon da rikici ya koro daga garinsu. Idan aka tambaye mu sai mu ce, "Ai ba mu yi masa komai ba." Masana halayyar ɗan Adam sun yi shekaru suna bincike a kan wannan "ba mu yi masa komai ba", kuma abin da suka gano ya kamata mu ji shi.

1. Wasan da ya zama bincike

Akwai wani masani a Amurka mai suna Kipling Williams, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Purdue. Wata rana yana zaune a wurin shan iska, sai wani faifan roba da mutane biyu suke wasan jefa wa juna ya faɗo kusa da shi. Ya ɗauka ya jefa musu. Suka sa shi cikin wasan na ɗan lokaci, daga nan sai suka daina jefa masa, suka ci gaba tsakaninsu kamar ba ya wurin. Bai san su ba, ba su zage shi ba, amma ya ji kunya da ɓacin rai ƙwarai. Wannan ya sa ya ƙudura sai ya binciki al'amarin.

Shi da abokan aikinsa suka shirya wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, suka sa masa suna Cyberball. Mai wasa yana tsammani da mutane biyu yake yi, alhali kuwa kwamfuta ce take sarrafa su. Wasu ana jefa musu ƙwallon daidai da kowa, wasu kuwa sau ɗaya ko biyu kawai, sai a share su. A binciken da suka buga a shekarar 2000, mutum 1,486 daga ƙasashe 62 suka yi wasan ta intanet. Wasan 'yan mintoci ne kawai, amma ya isa ya ɓata ran waɗanda aka share. Daga wannan bincike da waɗanda suka biyo baya, Williams ya nuna abubuwa huɗu da shariya take taɓawa: jin cewa kai ma ɗan gida ne, ganin darajar kanka, jin cewa kana da ta cewa, da jin cewa zamanka a duniya yana da amfani. A 2004 aka sake gwajin, aka gaya wa mutane tun farko cewa kwamfuta ce abokiyar wasansu. Duk da haka sun ji zafin shariyar.

A 2003 wata masaniya, Naomi Eisenberger, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ta sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wannan wasa. Sa'ad da aka share su, wani sashe na ƙwaƙwalwa da yakan yi aiki in mutum yana shan azabar ciwon jiki ya ƙara aiki. Masana sun yi ta muhawara a kan iyakar kamancin da ke tsakanin ciwon biyu, amma idan mutum ya ce, "Abin da suka yi mini ya yi mini ciwo," kada mu ɗauka shagwaɓa ce.

Ko kallo ma yana da nasa aiki. A wani bincike na 2012, Eric Wesselmann da Williams sun sa wata mai taimaka musu tana wuce mutane a harabar jami'a. Wasu ta haɗa ido da su, wasu kuwa ta dubi wajensu kamar ba kowa a wurin. Da aka tambaye su nan take, waɗanda aka yi kamar ba a gan su ba sun fi jin cewa a ware suke. Ashe gaisuwar da muke tsayawa mu yi a bakin rijiya ba ɓata lokaci ba ce.

2. Abin da rashin mutane yake yi wa jiki

Idan shariyar 'yan mintoci tana da zafi haka, yaya ta shekaru? A 1965 aka fara bin rayuwar mutane kusan 7,000 a gundumar Alameda ta jihar Kalifoniya. Lisa Berkman da Leonard Syme suka duba dangantaka iri huɗu: aure, cuɗanya da dangi da abokai, zama ɗan ikilisiya, da shiga wasu ƙungiyoyi. Sakamakon da suka buga a 1979 ya nuna cewa cikin shekara 9, mutuwa a tsakanin waɗanda suka fi ƙarancin dangantaka ta ninka ta waɗanda suka fi yawan dangantaka fiye da sau biyu. Ko da aka yi la'akari da shan taba, shan giya, ƙiba, talauci da halin lafiyar mutum tun farko, bambancin bai ɓace ba.

A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutane fiye da 308,000. Suka ga cewa masu ƙaƙƙarfar dangantaka sun fi marasa ita damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin 100. Sun ce amfanin wannan ya yi kusan daidai da na barin shan taba.

Ta yaya haka take faruwa? Hanya biyu ce. Ta farko a fili take: wanda yake da mutane akwai mai lura cewa ya rame, akwai mai kai shi asibiti a kan babur, akwai mai ranta masa kuɗin magani. Ta biyu a cikin jiki take: wanda yake jin shi kaɗai ne, jikinsa yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana kamar mai jiran hatsari. Barcinsa ba ya nauyi, jininsa yakan hau, kuma a hankali wannan yakan gajiyar da zuciya.

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, mu nan muna zaune cikin dangi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya nuna akasin haka. Ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma a ƙasashe matalauta adadin ya kai kusan kashi 24 cikin 100, alhali a ƙasashe masu arziki kusan kashi 11 ne. Mutum yana iya zama a gida mai mutum ashirin, amma babu ko ɗaya da zai faɗa wa abin da ke ransa.

3. Me ya sa wanda aka ware yakan yi wuyar sha'ani?

Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Sau da yawa na ji ana cewa, "Mun so mu jawo ta, amma halinta ne ba kyau," ko "Shi ne ba ya son mutane." Bincike ya nuna cewa sau da yawa muna ɗaukar sakamako a matsayin dalili.

A 2001 Jean Twenge da Roy Baumeister da abokan aikinsu suka yi gwaji da ɗalibai. Bayan sun ɗan saba da juna, sai aka gaya wa wasu cewa kowa ya zaɓe su su yi aiki tare, aka gaya wa wasu kuma cewa ba wanda ya zaɓe su. Ba gaskiya ba ne, ƙuri'a ce kawai ta raba su. Amma waɗanda aka ce ba a zaɓe su ba sun fi nuna zafin hali daga baya, har ga mutumin da bai yi musu laifi ba. A 2007 kuma suka nuna cewa waɗanda aka sa suka ji an ware su sun rage taimakon wasu. Ku lura, ba masu mugun hali aka zaɓo ba. Wariyar ce ta sauya halin.

Marigayi John Cacioppo na Jami'ar Chicago ya bayyana yadda abin yake zagayawa. Wanda ya daɗe cikin kaɗaici yakan riƙa sauraron alamar raini ko'ina. In mutane biyu suka yi dariya, yana jin da shi suke. In aka gayyace shi, yana tunanin tausayi ne ko ba'a. Sai ya ƙi zuwa, ko ya amsa da gatse. Mu kuma sai mu ce, "Kun gani ko?" mu ƙara ja da baya. Williams ya ce in abin ya daɗe, mutum yakan kai matakin sallamawa, inda ya daina ƙoƙari gaba ɗaya. Saboda haka gayyata sau ɗaya ba ta isa ba, kuma ƙin amsawa na farko ba hujja ba ce ta barinsa.

4. Abin da aka gwada a ƙauyukan Yuganda

Akwai magani? Ga misali daga ƙauyuka irin namu. A 2002, a gundumomin Masaka da Rakai na ƙasar Yuganda, inda cutar ƙanjamau ta kashe mutane da yawa, Paul Bolton na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa, tare da ƙungiyar World Vision, suka yi gwaji a ƙauyuka 30. Suka nemo maza da mata masu ciwon baƙin ciki mai tsanani, irin wanda yake hana mutum noma da kula da iyali. A rabin ƙauyukan aka kafa ƙananan ƙungiyoyi, maza daban, mata daban. Suna haɗuwa sau ɗaya a mako, na minti 90, har mako 16. Masu jagorar ba likitoci ba ne, 'yan yankin ne da aka yi musu horo na mako biyu. Ba a raba ƙwayar magani ko kuɗi ba. Ana magana ne a kan rashin da aka yi, da saɓani da wani na kusa, da sauyin da ya faɗo wa rayuwa. Kowa yakan faɗi abin da ya faru a makon, sauran su ba shi shawara, ya je ya gwada, ya dawo da labari.

Da farko kusan tara cikin goma na mutanen suna da ciwon a matakin tsanani. Bayan mako 16, kashi 6.5 cikin 100 ne kaɗai suka rage a wannan mataki cikin waɗanda suka shiga ƙungiya. A ƙauyukan da ba a kafa ƙungiya ba, kashi 54.7 ne. An buga sakamakon a 2003, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora na irin wannan taro.

Mu lura da abin da ya sa ya yi aiki: mutane kaɗan ne, ranar haɗuwa ba ta sauyawa, kowa yana samun damar magana, kuma kowa mai karɓa ne, mai bayarwa kuma.

5. Abin da za mu iya yi

Na ɗaya, mu ƙirga. Shugabannin ƙungiya su zauna su rubuta sunayen waɗanda ba a gan su a taro ba cikin wata uku, da waɗanda suke zuwa amma ba mai zama kusa da su. A riƙe sunayen a asirce.

Na biyu, a ba mutum ɗaya ko biyu alhakin kowane suna. Aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne. Su riƙa zuwa a rana tsayayya, ko da na minti goma ne. Zumunci a ƙafa yake.

Na uku, kada a tsaya ga kai tsaba da sabulu. Kyauta tana maganin yunwa, amma ba ta dawo wa mutum da darajarsa. A nemi wani abu a wurinsa. Tsohuwar da ta iya daddawa ta koya wa 'yan mata. Gurgun da ya iya lissafi ya riƙe littafin adashi. Wanda ake bukatarsa ya san in bai zo ba za a ga gurbinsa.

Na huɗu, mu yi hattara da hukuncin gaba. Iyayen da suke daina yi wa yaro magana, da miji ko matar da ke yin kwanaki ba ko gaisuwa, su sani ba ƙaramin horo suke yi ba. In akwai laifi a faɗe shi, a kuma faɗi hanyar gyara.

Na biyar, mu san iyakarmu. Wanda ya daina ci, ya daina barci, ko yake maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba. Ziyara tana tafiya tare da magani, ba ta maye gurbinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ka taɓa kasancewa a wurin da aka yi kamar ba a gan ka ba? Yaya ka ji, kuma me ka yi?
2. Waɗanne irin mutane ne aka fi mantawa da su a ƙauyenmu ranar gayya, biki ko rabon kaya?
3. Akwai wanda muka yanke hukunci cewa "halinsa ne"? Yaya yake kafin mutane su janye daga gare shi?
4. Wane aiki ne a ƙungiyarmu za mu iya danƙa wa wanda bai taɓa riƙe komai ba?
5. Wa zai je wurin wa, kuma wace rana? A rubuta kafin a tashi, a kuma kawo rahoto a taro mai zuwa.