Ƙaramin Kare da Kyanwa a Gida Ɗaya: A Raba Kwano, A Raba Makewayi

Ƙorafin da masu ƙananan karnuka ke kawo mini a 'yan shekarun nan kusan iri ɗaya ne. Gidan haya ne a saman bene a Abuja, ko Kaduna, ko Jos, babu tsakar gida. Akwai kyanwoyi biyu da suka daɗe a gidan, sai yara suka matsa aka sayo ɗan kwikwiyo irin Lhasa ko Eskimo. Kafin wata ya zagayo, kwikwiyon ya ƙi abincinsa ya koma kwanon kyanwa, bakinsa na ɗoyi, gemunsa duk yashi, kafet ɗin falo ya zama makewayi, ɗaya daga kyanwoyin kuma ta fara fitsari a kan gado. Tambayar ba ta canzawa: "Likita, wane magani za a ba shi?"

Babu magani, domin ba cuta ba ce. Tsarin gidan ne bai daidaita ba. Batun ko ya dace a ajiye kare a cikin ɗaki na bar wa malamai. Masu zuwa wurina sun riga sun ajiye, aikina shi ne kada dabbobin su cutu, kada yaran gidan su kwashi wani abu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin bidiyoyin nan da ke yawo a TikTok da WhatsApp, inda ake nuna ɗan kare ya shiga akwatin yashin kyanwa ya tsuguna, a ce ai ga sauƙi, akwati ɗaya ya ishi kowa. Mai bidiyon ba ya nuna muku abin da ke faruwa bayan an kashe kyamara. Kare ba ya binne kashinsa yadda kyanwa ke yi. Tona yake yi, ya watsar da yashin, sannan ya ci abin da ya tono. Abincin kyanwa cike yake da nama da maiƙo, don haka kashinta yana fita da ƙanshin da kare ke so. Yawanci dalilin ke nan. Mutane kuwa sun fi son dogon bayani: wai yunwa ce, wai jininsa ya rasa wani sinadari, wai an raba shi da uwarsa da wuri ne ya sa. Na ga karnuka masu ƙiba, masu cin abinci mai tsada, suna tashi daga kwanonsu kai tsaye zuwa akwatin kyanwa. Sai a je a sayo ƙwayoyin bitamin a ɗura masa, a yi asarar kuɗi, hali bai canza ba. Wasu kuma su barbaɗa yaji a kan kashin wai don ya ji zafi ya daina. Wa ke shiga akwatin nan da ƙafafu huɗu, ta fito ta lashe tafinta? Kyanwa. Ita za ta sha yajin, ta ƙaurace wa akwatin, ta koma bayan kujera. Kare kuwa ya jira sabon kashi da ba a barbaɗa ba.

Ga gargaɗin da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Yashin kyanwa na kanti, wanda ke dunƙulewa idan fitsari ya taɓa shi, an yi shi ne da wani irin yumɓu mai shan ruwa ya kumbura. Abin da yake yi a cikin akwati shi yake yi a cikin hanji. Babban kare mai kilo 30 zai iya haɗiye ɗan kaɗan ya wuce. Kwikwiyo mai kilo 2, wanda hanjinsa bai fi kaurin yatsa ba, idan yana ci kullum yana iya toshewa. Zai fara amai, ya ƙi abinci, ya yi ta nishi ba kashi, cikinsa ya yi tauri, idan an taɓa ya yi ƙara. A nan ne mutane ke ɗura masa man zaitun ko man ja, ko su jira gobe. Kada ku ɗura masa komai, kada ku jira gobe. Toshewar hanji sau da yawa sai an yi tiyata, kuma ɗan ƙaramin jiki ba ya jure amai na yini biyu, ruwan jikinsa ƙarewa yake yi. Ina maimaitawa domin na san yadda ake yi: kare ya ci yashi mai dunƙulewa, ya yi amai fiye da sau ɗaya, a ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi a ranar, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya ci. Wasu kunya ke hana su faɗa, sai a ɓata lokaci ana neman cutar da babu ita. Bayan yashin, kashin kansa yana iya ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa, ga shi wannan bakin ne zai je ya lashi fuskar yaro.

Ita ma kyanwa tana da nata ciwon a cikin wannan lamari, kuma shi ne ba a kula da shi. Kyanwa na son ta yi bayan gida a inda babu mai leƙenta. Idan duk sanda ta shiga akwati ga kare a tsaye a baki yana jira, za ta riƙe fitsari ko ta nemi wani wuri, shi ya sa gadonku ya jiƙe. Ba ƙeta take yi ba. Idan muzuru ne abin ya fi haɗari, domin damuwa na cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwon mafitsara, kuma hanyar fitsarinsa siririya ce, tana toshewa. Muzurun da ke shiga akwati yana fita, yana tsugunawa yana kuka ba fitsari, yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Wannan ma na ranar ne, ba na gobe ba.

To me za a yi? Dabarar da aka saba ba masu manyan karnuka ita ce a bar ƙofa a ɗan buɗe yadda kyanwa za ta wuce, kare ya kasa. Da ƙaramin kare ba ta aiki, domin duk inda kyanwa ta kutsa shi ma zai kutsa. Abin da kyanwa ta fi shi da shi tsalle ne, don haka da tsayi za ku raba su. A sa katako ko shinge mai tsayin kusan santimita 70 a bakin ƙofar ɗakin da akwatin yake, kyanwa ta tsallake, kare ya tsaya. Ko a samo babbar roba mai zurfi mai murfi, a yanke rami mai faɗi a saman murfin, a goge bakin don kada ya yanke ta, ta riƙa shiga ta sama. Idan kyanwar ta tsufa, gaɓoɓinta na ciwo, a rage tsayin ko a sa mata matakala ta cikin ɗakin, kuma a lura ko tana iya fita. Yawan akwatuna kuwa, ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce kowace kyanwa da nata, a ƙara ɗaya. Kyanwoyi biyu, akwati uku, kuma ba a jere a wuri ɗaya ba. A kwashe kashi safe da yamma. Ƙwayar cutar toksofilasma da ke fita a kashin kyanwa sai ta yi kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum, saboda haka kwashewa kullum kariya ce. Mace mai ciki ta bar wa wani wannan aikin.

Abinci ma haka. Masu shago za su ce muku duk ɗaya ne, hoton jikin buhu ne kawai ya bambanta. Ba haka ba ne. Kyanwa dole sai da nama. Jikinta ba ya iya haɗa isasshen sinadarin torin, ba ya kuma iya fitar da bitamin A daga ganye ko karas yadda na kare ke yi. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka suka nuna cewa ƙarancin torin ne ke jawo wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu. Rashinsa na kuma lalata ido har makanta. Kyanwar da aka mayar kan abincin kare don a rage kashe kuɗi tana kan wannan hanyar, a hankali, ba tare da an lura ba. Shi kuma kare idan ya saci abincin kyanwa sau ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Idan ya zama cimarsa ta kullum sai ƙiba, sai gudawa, wasu kuma maiƙon ya tayar musu da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, ciwo mai zafi da amai. A ɗora kwanon kyanwa a kan tebur ko kanta mai tsayin mita ɗaya, a janye kujerar da ke kusa. Ƙananan karnuka suna hawa kujera su hau tebur, idan suka diro ƙafar gaba ta karye. Idan kyanwar ta ƙi sabon wurin har ta yi kwana biyu ba ta ci ba, kada a ce yunwa za ta koya mata, hantar kyanwa ba ta jure azumi, musamman mai ƙiba.

Kwanon kare ba a barinsa a cike yini guda. A ajiye, a ba shi minti 15, a ɗauke ko ya cinye ko bai cinye ba. Kafin wata uku sau huɗu a rana, daga nan zuwa wata shida sau uku, bayan haka sau biyu. Ƙananan iri sukarin jininsu na saurin faɗuwa, saboda haka kada a tsallake musu lokaci. Idan kwikwiyo ya yi laushi yana tangaɗi, a shafa masa ɗan zuma a dasashi a nufi asibiti. Karen da ya gama girma mai kilo 3 abin da yake buƙata na busasshen abinci bai wuce wajen giram 60 zuwa 70 a yini ba, a duba jikin buhu, a auna. Abin ya yi kaɗan a ido, shi ya sa ake ƙara masa da ragowar tuwo da miya. Miyarmu kuwa ba ta rasa albasa, wani lokaci da tafarnuwa, kuma dukansu suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da na kyanwa. Haka tsire da albasarsa. Goro da cakulan ma a ɓoye su. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gidan da kowa ke ciyarwa: Hajiya ta ba shi, yara su ba shi, mai aiki ta ba shi, mai gadi ya jefa masa ƙashin kaza, sannan a ce ba a san lokacin kashinsa ba. Mutum ɗaya ya riƙe awo da lokaci.

Daga lokacin abinci ake samun lokacin kashi. Kwikwiyo yakan yi cikin rabin awa bayan ya ci, da kuma da zarar ya farka daga barci ko ya gama wasa. Fitsari kuwa, a ƙiyasce yana iya riƙewa kusan awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, ɗan wata biyu awa biyu. Wanda ya fita aiki tun safe ya dawo bayan magariba ya tarar da fitsari a falo, ba kwikwiyon ne ya yi laifi ba. A zaɓi wuri ɗaya mai tayil, baranda ko banɗaki, nesa da kwanonsa, nesa da akwatin kyanwa. A sa faffaɗan tire, a shimfiɗa jarida ko ƙyallen fitsari na kanti mai kama da famfas. A kai shi can a waɗannan lokutan, a tsaya, da zarar ya gama a yaba masa a ba shi ɗan guntun abinci nan take, ba bayan an dawo falo ba. Idan ya fara shinshina ƙasa yana zagaye, a ɗauke shi. Idan babu mai sa ido, a killace shi a ɗan wuri mai shimfiɗa da ruwa da tiren. Namiji idan ya girma zai ɗaga ƙafa, a jingina wani abu mai wankuwa a gefen tiren. Idan kyanwa ta fara kwanciya a kan shimfiɗar tiren ko tana yaga ta, a rufe saman da ragar roba.

Sai tsohuwar al'adar nan ta dangwala hancinsa a fitsari a buge shi da silifa. Kare ba ya haɗa duka na yanzu da abin da ya yi awa guda da ta wuce. Abin da yake koya shi ne kashi a gaban mutum haɗari ne, sai ya koma yi a ƙarƙashin gado, ya kuma ƙi yi a kan tire muddin kuna tsaye. Wasu ma su fara cinye kashin. Inda ya ɓata a wanke da omo da ruwa, a ɗauraye sosai, a bi da ruwan khal da aka sirka, domin idan wari ya rage zai koma. A gidan da ke da kyanwa a guji Izal da Dettol da duk maganin wanke ƙasa mai sinadarin fenol. Tana taka shi ta lashe, hantarta kuma ba ta iya sarrafa shi, kamar yadda ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya kashe ta.

Rabin wannan wahala daga wurin saye take farawa. Masu sayar da 'yan kwikwiyo a bakin titi da Instagram suna raba su da uwa tun suna sati huɗu ko biyar, alhali sai sati takwas ya kamata, babu katin rigakafi, ko kuma akwai kati da sa hannun da ba a san na wane likita ba. Kwikwiyo mai tsutsar ciki gudawa yake yi, mai gudawa kuwa ba a koya masa makewayi. A kai shi a duba, a ba shi maganin tsutsa, a ba kyanwoyin nasu a lokaci ɗaya, kowa da irin nasa, domin wasu magungunan ƙuma na kare masu sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa. Allurar haukan kare a wata uku, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin ta a nan gida, babu uzurin cewa ba a samu. Kada a fita da shi inda wasu karnuka ke kashi sai ya kammala alluransa a wajen sati 16, saboda cutar fabo da ke daɗewa a ƙasa wata da watanni. Bayan nan a fara fita da shi safe da yamma, tiren ya koma na dare da ranar ruwan sama. Idan kuma karen da ya riga ya koya ya dawo yana ɗigar da fitsari kaɗan-kaɗan a ko'ina, ko da jini, ko yana shan ruwa fiye da da, a tari fitsarinsa na safe a tsabtatacciyar kwalba a kai wa likita.