Yadda ake karɓar sabuwar kyanwa a gida, da abin yi idan ta yi karo da bodari

Yawancin gidajen Maiduguri da suka ajiye kyanwa, ɓera ne ya sa su. Ya huda buhun gero, ya ɓarke ledar garin tuwo, ya yi kashi a kwanukan da aka kife, maigida ya gaji da sayen tarko ya ce a nemo mage. Dalili ne mai ƙarfi, musamman a jihar Borno. A garin Lassa na ƙaramar hukumar Askira/Uba aka fara gano zazzaɓin Lassa a 1969, kuma fitsari da kashin ɓera ne ke kai cutar cikin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera, tare da rufe hatsi da nesanta shara daga gida. Sai dai wanda ya kawo ta ya ɗauki amanar rai. Duk yaron da ya zauna a Islamiyya ya san hadisin matar da aka azabtar saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ga yadda ake riƙe amanar nan tun daga ranar farko.

Na ɗaya: zaɓe da ɗaukowa

Kada ku raba 'yar kyanwa da uwarta kafin ta cika mako 8. Idan masu ita za su haƙura har mako 12, ya fi. A wurin uwa take koyon binne kashinta da wasa ba tare da yakushi ba, kuma wadda aka yaye da wuri ita ce ke kwana tana kuka, zawo ya kama ta.

Ku je da kanku ku gani. Ido ya zama garau babu kwantsa, hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Ku shafa gashin baya zuwa sama: baƙin gari mai kama da barkonon da aka niƙa kashin ƙuma ne. Inda gashi ya zube ya bar zagayayyen fili, makero ne, yana kuma kama yara. Duka biyun suna da magani, amma gara ku san da su kafin ta shiga ɗakinku. Launi kuwa ba ya nuna komai. Ana tsangwamar baƙar kyanwa ana jifanta da sunan maita, alhali halittar Allah ce kamar fara da ja, kuma abin yana ba ni takaici ƙwarai.

A kwali mai huji za ku ɗauko ta, da tsumma a ciki, zai fi kyau wanda uwar ta kwanta a kai. Ban da buhu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ku yi tafiyar da sassafe ko bayan la'asar, kwalin kuma ya zauna a cinyarku a cikin keke.

Na biyu: ɗaki guda, mako biyu

Nan ne akasarin mutane ke rasa kyanwarsu. A sauke ta a tsakar gida, yara su yi mata caa, ta haura katanga, shi ke nan. Kyanwa da muhalli take sabawa kafin ta saba da mutane, don haka ku ware mata ɗaki ɗaya mai iska da ƙofar da ke rufuwa, ta zauna ciki mako ɗaya zuwa biyu.

Ku sa abinci da ruwa a kusurwa ɗaya, robar yashi a ɗaya kusurwar, nesa da juna, domin ba ta cin abinci kusa da inda take bahaya. Yashi kam Allah ya hore mana shi. Ku samo busasshe mai tsabta daga inda dabbobi ba sa zuwa, ku tankaɗe da rariya, ku zuba a faffaɗar roba ya kai tsawon ɗan yatsa. Bayan ta ci abinci ku ɗora ta a kai, za ku ga ta fara tono da ƙafar gaba. A kwashe kashin kullum, a sauya yashin duk mako. Mai juna biyu kada ta yi wannan aikin: akwai ƙwayar cutar tokzoplasma a kashin kyanwa da kan yi wa ɗan tayi illa. Ƙwayar na bukatar kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, abin da ya sa kwashewar kullum take da muhimmanci.

Ranar farko za ta shige ƙarƙashin gado. Yara za su zo da ƙara, "Mama, ta ƙi fitowa." Amsar ita ce, "Ku ƙyale ta, da ƙafarta za ta zo." Mutum ɗaya ya riƙa shiga ya zauna a ƙasa ya yi shiru, ya miƙa bayan hannu. Za ta leƙo, ta miƙo wuya ta shinshina, ta koma. Ranar da ta goga kumatunta a ƙafarku wutsiya a tsaye, ta karɓe ku. A koya wa yara ɗaukarta da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, kuma su wanke hannu kafin cin abinci.

Na uku: ci da sha

Akwai maganar da ake yi cewa in ana ƙosar da mage ba za ta kama ɓera ba. Ba haka ba ne. Farauta a jininta take, ƙosasshiya ma tana yi. Mai jin yunwa kuwa tukunyarku za ta buɗe, ko ta koma gidan maƙwabta.

Kyanwa mai cin nama ce. Jikinta na bukatar sinadarin taurin da ake samu a nama da kifi, rashinsa na kawo makanta da ciwon zuciya, don haka ragowar tuwo kaɗai ba zai riƙe ta ba. Banda daga kasuwar kifi ta Baga Road ta wadatar, amma a wanke ta sosai, a tafasa, a zubar da ruwan, a cire ƙaya, saboda wasu kan fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari. Ku haɗa da dafaffen ƙwai da guntun nama ko kayan ciki, a dafa babu gishiri babu yaji. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, kuma da wuya miyarmu ta rasa su, saboda haka ku ɗebi nata kafin a haɗa miya. Madarar shanu kan sa mata zawo. Ƙarama takan ci sau 4 a rana, babba sau 2. Ruwa a kasko a inuwa, kusa da randa, a sauya safe da yamma.

Na huɗu: likitan dabbobi

A cikin makon farko ku kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Maiduguri ko asibitin dabbobi na jiha. Za a ba ta maganin tsutsar ciki daidai nauyinta, da na ƙuma wanda aka yi domin kyanwa. Allurar rigakafin haukan kare ana yi ne a wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya rubuta a kati. Kyanwa ma tana kamuwa da cutar nan, tana kuma sa wa mutum, kuma idan alamu suka bayyana babu magani. Duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Ku yi zancen haihuwa ma. Macen kan ɗauki ciki tun tana wata 5, ta haihu bayan kimanin kwana 63, ta sake ɗauka ba da jimawa ba. Gidan da ba zai iya riƙe 'ya'yan ba, gara ya tambayi likita aikin hana haihuwa, ya kuma tambayi malaminsa hukunci, da a wayi gari ana zubar da jarirai a bola.

Na biyar: kawar da guba

Daga ranar da ta shigo, shinkafar ɓera ta bar gidan. Ɓeran da ya ci guba tafiyarsa kan yi sanyi, shi kyanwa za ta fara kamawa. Ota-piyapiya da sauran maganin sauro na fesawa, a fitar da ita kafin a fesa, kada ta dawo sai ɗakin ya sha iska. Maganin kaska na karnuka da shanu yana iya kashe ta. Ruwan goge ƙasa irin su Izal yakan manne a tafin ƙafarta ta lashe, don haka a ɗauraye a bari ya bushe. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe kyanwa, kada tausayi ya sa a ba ta. Turaren wuta, wanda matan Borno suka yi suna a kansa, ba sai an daina ba. A dai bar mata ƙofa a buɗe ta fita daga hayaƙin. Da hunturu kuma a bubbuga murfin injin mota kafin a tayar, don takan shige neman ɗumi.

Na shida: tsakar gida da rana, ɗaki da dare

Bayan mako biyu ku buɗe mata ƙofa da safe kafin ta ci abinci, yunwa za ta dawo da ita. 'Yan tsaki a kife su a akurki har ku ga halinta. Da magariba kuwa a kira ta a ba ta abinci a rufe, ko a ɗakinta ko a ɗakin ajiyar hatsi inda aikin ɓeran yake. Da dare muzurai ke faɗa, da dare macizai ke yawo. Mazauna unguwannin Gwange da Fori ba su manta ambaliyar 10 ga Satumba 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, aka gargaɗi jama'a kan macizai da kadoji. Da dare ne kuma bodari ke fitowa.

Na bakwai: idan ta dawo da wari

Ku fara tantance warin. Jaɓa, mai dogon baki da ƙananan idanu, wadda ke bin gindin bango tana tsuwa, wani lokaci 'ya'yanta a jere kowa ya cije gindin wutsiyar na gabansa, warinta mai sauƙi ne. Kyanwa kan kashe ta ta bar ta ba ta ci ba. A ɗauke gawar da leda, a wanke wurin da omo, magana ta ƙare. Jaɓa ƙwari take ci.

Bodari wani abu ne daban. Ƙaramar dabba ce baƙa mai zane-zanen fari daga kai zuwa gindi, da wutsiya mai gashi buzu-buzu, nauyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ya fi kusantar gidajen bakin gari da ke kallon gonaki da masu kiwon kaji. Yana cin ɓeraye da ƙwari da ƙwai. Idan aka takura shi sai ya gantsare baya, ya ɗaga wutsiya, ya juya gindi ya feso wani ruwa mai maiƙo daga ƙarƙashin wutsiyar. Ruwan na ɗauke da sinadaran farar wuta, yana yaji a ido, yana sa tashin zuciya. In abin ya ci tura sai ya kwanta kamar matacce, saboda haka a gargaɗi yara kada su taɓa shi ko sun ga ba ya motsi.

Kada kyanwar ta shiga ɗaki, domin a katifa da labule za ta goge jikinta. Ku sa safar hannu ko leda, ku naɗe ta da tsohon zane, mutum ɗaya ya riƙe. Ido za a fara dubawa: idan ya yi ja tana runtsewa, a zuba ruwa mai tsabta a hankali na 'yan mintuna. Sannan a dudduba ko akwai cizo. Idan akwai, ko tana amai, ko jikinta ya mutu, likita kai tsaye, domin namun daji ma kan ɗauki haukan kare. A danna tsumma a kan maiƙon a tsotse shi tun kafin ruwa ya taɓa gashin, don ruwa zalla baza shi yake yi.

A Amurka akwai dabba mai irin wannan makami, kuma wani masanin sinadarai mai suna Paul Krebaum ya fitar da haɗin wanke warinta a 1993. Kayan duk ana samunsu a nan. Don kyanwa ɗaya: rabin lita na ruwan haidurojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, babban cokali 2 na bekin soda, da rabin ƙaramin cokali na sabulun ruwa na wanke-wanke. Ku karanta jikin kwalbar a kemis: idan kashi 6 aka rubuta, a haɗa rabi da rabi da ruwa. Bekin soda ake nufi, ban da bekin foda, ban da kanwa. A haɗa a buɗaɗɗiyar roba, a yi aiki da shi nan take yana kumfa. Haɗin yana sauya sinadaran farar wutar ne su koma marasa wari. A shafa da soso har ya ratsa gashi, a kauce wa ido da baki da cikin kunne, fuska a goge da tsumma mai danshi kawai. Minti 5 ya isa, kuma kada a bar ta ta lashi jikinta. A ɗauraye da ruwa mai ɗumi sosai, a goge, a ajiye ta inda babu iska har ta bushe. Baƙin gashi kan ɗan koɗe, zai dawo. Ragowar a ƙara masa ruwa a zubar, kada a ɗura a kwalba a rufe, iskar da yake fitarwa tana fasa kwalba.

Ruwan tumatir ba ya cire warin, humra da turaren wuta ma rufe shi kawai suke yi na ɗan lokaci. Kayan da aka yi aikin da su a wanke su daban da omo da bekin soda, a shanya a rana. Bango ko simintin da feshin ya taɓa a wanke da ruwan bilic, a hana kyanwar zuwa wurin har ya bushe, kuma kada bilic ya taɓa jikinta.

Washegari a zagaya gidan. A sa waya a bakin rariyar ruwa, a toshe ramukan gindin katanga da ƙarƙashin ƙofar gida da siminti, bayan an tabbata babu dabba a ciki. A ɗaga tarin itace daga ƙasa, a kwashe ƙwai da yamma, a rufe akurki da waya mai ƙananan idanu, kuma kada kwanon kyanwa ya kwana a waje da ragowar kifi. Idan kun tarar da bodarin a tsakar gida, ku shigar da yara da dabbobi, ku buɗe ƙofar waje, ku ja da baya ku ba shi hanya, zai fita da kansa kafin asuba.